Dibyaza: Tarihin Makka A Cikin Tukunyar Salla

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Makka, har ya sami shiga gidajen mutanen garin, ya san idan goman ƙarshe ta Ramadan ta kama akwai wani aiki da ke tashi a madafa wanda bai shafi buɗa-baki ko sahur ba. Za a ga uwargida ta fito da waɗansu falle-falle masu kama da jemammiyar fata, launinsu ruwan goro, ta yayyaga su cikin babban kwano, ta zuba ruwa, ta rufe su kwana. Kashegari sai 'ya'yanta mata da surukai da jikoki su kewaye faranti, wannan tana ɓara, wannan tana yanka, waccan tana tsinta. Abin da su ke haɗawa shi ne dibyaza, watau wani abincin zaƙi da mutanen Makka da Jidda da Madina da Ɗa'ifa suka gada kaka da kakanni, wanda ba a cika dafa shi ba sai sau ɗaya a shekara, domin safiyar Ƙaramar Salla.

Falle-fallen nan su a ke kira ƙamaruddin. Asalinsu ruwan wani ɗan itace ne da Larabawa ke kira mishmish, wanda bai kai girman ƙwan kaza ba, mai ƙwallo ɗaya a ciki, mai zaƙi da ɗan tsami. Idan ƙamaruddin ya kwana a ruwa ya narke, sai a tace shi, a ɗora a wuta tare da sukari, a yi ta juyawa don kada ya kama. A gefe guda kuma ana soya 'ya'yan itatuwa masu ɓawo cikin man shanu, kowane iri shi kaɗai, gama kowanne da lokacin da ya ke ɗauka kafin ya yi ja: lauz, da fustuƙ, da bunduƙ, da ƙwallon yazawa. Sa'an nan a kawo busasshen ɓaure, da busasshen mishmish, da zabibi, da wani busasshen dabino mai tauri da su ke kira ƙalada, a juye duka cikin tukunya, a janye wuta, a bar shi yana dahuwa a hankali har ya yi kauri kamar zuma da sanyin hunturu. Kowane gida da nasa awon. Wannan ya fi son tsami ya fito, wancan ya fi son zaƙi ya rinjaya, kuma 'yar gida ta kan gane dibyazar uwarta ko da an jera mata kwanoni goma.

Ran Salla mutanen Makka su kan yi asubanci zuwa Masallacin Harami domin sallar Idi, wadda su ke kira Mashhad. Da an sauko sai kowa ya nufi gidan babban dangi, ko kaka ko babban wa, inda aka shimfiɗa kalacin safe da su ke kira ta'atima. A kan jera cuku iri-iri, da zaitun, da alewar riɗi, da wani burodi mai laushi sunansa shuraik, amma kwanon dibyaza shi ne a tsakiya, ana sha da cokali ko a dangwala da burodi. Fara Salla da zaƙi kuwa yana da asali a sunna, gama an ruwaito cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya fita zuwa Idin azumi sai ya ci 'ya'yan dabino, kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa yana son zuma da abin zaƙi.

Abin da mai nazarin tarihi zai lura da shi a nan shi ne, cikin duk kayan da aka lissafa babu ko ɗaya wanda a ke nomawa a cikin garin Makka. Ƙamaruddin na ƙasar Sham ne, zabibi da lauz na tuddan Ɗa'ifa ne, fustuƙ na Halab ne ko Farisa, yazawa daga Indiya ta ke zuwa, ko man shanun ma makiyayan jeji ne ke kawo shi. Wanda ya bi sawun waɗannan kaya ɗaya bayan ɗaya zai iske yana tafe a kan hanyoyin da alhazai da fatake suka bi fiye da shekara dubu.

KWARI MARAR SHUKA

Makka tana zaune ne cikin wani kwari tsakanin duwatsu, ruwan sama ba ya samun ta sai jefi-jefi, in ya zo kuwa sau da yawa da ambaliya ya ke zuwa. Alƙur'ani mai girma ya siffanta wurin da cewa ba shi da shuka, a Suratu Ibrahim, inda Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangiji ya karkato zukatan mutane zuwa ga zuriyarsa, ya kuma arzuta su da 'ya'yan itatuwa. Tun kafin Musulunci Ƙuraishawa da fatauci su ke ci, suna tafiya Yaman da hunturu, suna tafiya Sham da bazara. Lambun da ya fi kusa da su shi ne Ɗa'ifa, wadda ke kan tudu mai sanyi gabas da Makka, inda inabi da rumman da ɓaure ke yi. Cikin shekara ta 26 bayan Hijira, Halifa Usmanu ɗan Affan ya mai da Jidda ta zama tashar jiragen ruwan Makka, daga nan kuma ƙofar teku ta buɗe, tafiyar kwana biyu kawai a kan raƙumi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka bar wa 'yan baya labarin kasuwar Makka dalla-dalla shi ne Ibn Jubair, wani magatakarda daga Andalus, watau ƙasar Sifen ta yanzu, wanda ya zauna a garin kimanin wata takwas tsakanin 1183 da 1184. Ya zo yana tsammanin babu ƙasar da ta kai tasu albarkar 'ya'yan itatuwa, sai ya tarar da kasuwar wannan busasshen kwari cike da inabi da rumman da kankana da sauran kayan marmari. Ya ba da labarin waɗansu ƙabilu da a ke kira Saru, mazauna tuddan kudu, waɗanda su kan sauko da ayarin alkama da man shanu da zuma da zabibi da lauz, ba sa karɓar kuɗi sai musaya da tufafi. Har ila yau ya ce a watannin Rajab da Sha'aban da Ramadan masu alewa su kan jera tebura tsakanin Safa da Marwa, suna sayar da alewar zuma da ta sukari wadda aka sarrafa cikin siffofi iri-iri, har da siffar 'ya'yan itatuwa. Ashe ke nan shekara ɗari takwas da suka wuce rabin kayan dibyaza sun riga sun hallara a Makka, kuma an riga an haɗa zaƙi da watan azumi.

AYARIN SHAM DA JIRAGEN INDIYA

Shi kuwa ƙamaruddin, sunansa ya fito a littafin tafiye-tafiyen Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, wanda ya fara shiga Makka cikin 1326 tare da ayarin Dimashƙa, daga baya kuma ya ziyarci Mali cikin 1352, har ya bi ta Takadda a ƙasar Nijar ta yanzu. Ya ce ya ga wani irin mishmish mai wannan suna a Antaliya ta ƙasar Turkiyya, ana shanya shi ana kai wa Masar. Amma inda sana'ar ta yi ƙarfi har ta zama gado shi ne Guɗa, watau lambunan da suka kewaye Dimashƙa, waɗanda kogin Barada ke shayarwa. Da farkon bazara a kan tara mishmish, a matse, a tace, a zuba ruwan a kan alluna na katako da aka shafa wa man zaitun, a jera su a rana. Bayan 'yan kwanaki sai a ɓamɓare shi falle guda, a naɗe kamar tabarma. Abin da ba ya wuce mako guda a ɗanyensa ya koma abin da zai shekara bai lalace ba, ba nauyi, ba zuba, ba fashewa. Raƙumi ba ya neman kayan da suka fi wannan.

Cikin 1517 Hijaz ta shiga ƙarƙashin sarakunan Usmaniyya na Santambul, su kuwa suka ɗauki kula da ayarin alhazai a matsayin babban aikin sarauta. Kowace shekara manyan ayari biyu ke tasowa, ɗaya daga Alƙahira ɗauke da rigar Ka'aba, ɗaya daga Dimashƙa, yana bi ta Ma'an da Tabuka da Madina, tafiyar kimanin kwana arba'in kafin a ga Makka. Tare da alhazai akwai fatake, da sojoji, da alƙalai, da ma'aikatan hukuma da iyalansu, waɗanda da yawansu suka zauna ba su koma ba. A gidajen Turkawa da Shamawa an saba da wani abin sha da a ke kira khushaf, watau busassun 'ya'yan itatuwa da aka jiƙa ko aka dafa cikin ruwan sukari, sunan kuwa daga Farisanci ya fito, ma'anarsa ruwa mai daɗi. Dibyaza 'yar'uwar khushaf ce, sai dai ita an ƙafe ruwanta, an ƙara mata man shanu. Da Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu ya sa aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Dimashƙa, aka fara cikin 1900, ta isa Madina cikin 1908, tafiyar da ke cin wata guda ta koma ta 'yan kwanaki, kayan Sham suka ƙara yawa a kasuwannin Hijaz. Hanyar ba ta taɓa isa Makka ba, kuma Yaƙin Duniya na Farko ya lalata ta.

Sauran kayan ta teku suka zo. Mutanen Indiya ne suka fara gano yadda a ke dafa ruwan rake har ya zama ƙwaya, daga gare su ilmin ya shiga Farisa, Larabawa suka kai shi Masar da Andalus, ita kanta kalmar sukari da Bahaushe ke faɗi ta bi wannan hanya ce kafin ta iso gare shi. Yazawa kuwa asalinta ƙasar Barazil ce, Turawan Fotugal suka kai ta gaɓar Indiya cikin ƙarni na 16, daga can jiragen fatake suka riƙa kawo ƙwallonta Jidda. Wani matafiyi mutumin Suwizalan, Burkhart, wanda ya shiga Hijaz cikin 1814 da sunan Shaihu Ibrahim, ya ƙidaya kantunan Jidda sana'a-sana'a, ya ce bai ga mutanen da suka kai na Hijaz son kayan zaƙi ba, da maraice a kan yi cincirindo a wurin masu alewa, kuma Indiyawa su ne gwanayen sana'ar. Har yanzu shaidar maganarsa tana nan a shimfiɗar Salla, gama kusa da kwanon dibyaza a kan ajiye laddu, wani curi na garin wake da man shanu da sukari wanda ko sunansa na Indiya ne, da labaniyya, wadda Bahaushe in ya ɗanɗana zai ce tuwon madara ne.

Akwai dalilai biyu da suka sa dibyaza ta zauna daram a Makka. Na farko shi ne zafi. A garin da rana ke ƙuna wata da watanni, a zamanin da babu firiji, abincin da za a yi wa baƙi na kwana huɗu ko biyar dole ya zama mai jurewa, sukari mai yawa kuwa yana tsotse ruwan da ƙwayoyin cuta ke bukata, saboda haka dibyaza ta kan yi makonni a kwalba ba ta sāke ba. Na biyu shi ne lissafin wata. Shekarar Musulunci ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya, don haka Salla tana zagaya dukan lokutan shekara cikin kimanin shekara 33, wani zubin ta faɗo da sanyi, wani zubin da tsakiyar bazara. Abincin da aka ɗaura wa irin wannan biki ba zai dogara da ɗanyen abu mai kaka ɗaya ba. Busasshe kuwa kullum yana nan.

AIKIN MATA

Ba a yin dibyaza kaɗan, ba kuma mace ɗaya ke yin ta ba. A tsohuwar Makka dangi guda su kan zauna cikin dogon gida mai hawa huɗu ko biyar, mai tagogin katako da a ke kira rawashin, uba a wannan hawa, 'ya'yansa da matansu a na sama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, saboda haka daren dibyaza dare ne na taron mata, inda amaryar da aka kawo bana ta ke koyon awon gidan mijinta, tsohuwa kuma tana zaune kusa da murhu, ita ke cewa ya yi ko bai yi ba. In an sauke sai a rarraba cikin kwanoni, yara su kai gidan 'yar da aka aurar, da gidan maƙwabci, da gidan da aka yi rashi a shekarar ba su sami sukunin dafawa ba. Kwanon da aka aika da shi kuwa ba ya dawowa wayam. A kwanakin Salla maza su kan bi gida-gida suna gaisuwa, ana ba su gahawa da alewa, ana shafa musu turare, in kuma maigida ya fita nasa yawon sai a bar littafi da alƙalami a zaure, wanda ya zo ya rubuta sunansa.

Babbar Salla kuwa ta sha bamban, gama a Makka lokacin aiki ne. Gidaje da yawa na muɗawwifai ne, watau masu yi wa alhazai jagora, waɗansu kuma masu shayar da Zamzam ne ko 'yan kasuwa, duk maza su kan fita Mina da Arfa su bar gari. Saboda haka tun watan Zulƙida mata ke taruwa su yi ma'amul, wani ɗan gashi na fulawa da man shanu mai dabino a ciki, wanda a ke bugawa a ƙwaryar katako ya fito da zane, da kuma guraiba, wadda ke narkewa a baki. A kan cika gwangwanaye a ba maza guzuri, su ci su kuma ba alhazansu. Ran hawan Arfa, sa'ad da Harami ya yi fili, matan Makka su kan ɗauki 'ya'yansu da gahawarsu da ma'amul su tafi can su wuni suna ɗawafi, suna buɗa-baki tare. Wannan rana ita su ke kira Khullaif, watau ranar waɗanda aka bari a baya.

HAUSAWAN MAKKA

Cikin al'ummomin da suka haɗu suka zama mutanen Makka akwai Hausawa da Fulani da Barebari. Larabawa sun daɗe suna kiran duk alhazan Afirka ta Yamma da sunan Takruri, daga tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Senegal, daga nan ne kuma kalmar takari ta samo asali. A da tafiyar ta ƙasa ce, ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, mutum ya kan yi shekaru a hanya yana noma yana ƙodago kafin ya tara kuɗin jirgi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasa ransa, jama'a masu yawa suka yi hijira gabas. Waɗansu suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu cikin Sudan, waɗansu suka ƙetare zuwa Hijaz, suka zauna a unguwanni irin su Misfala da Jarwal da Hindawiyya. Jikokinsu su ne masu amsa sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi, kamar Usama Hausawi, haifaffen Makka, wanda ya yi wa Saudiyya kyaftin a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya cikin 2018. Su ma sun saka nasu a cikin abincin garin, gama naman nan mai yaji da ƙuli da Makkawa ke kira siriye ba wani abu ba ne illa tsire.

Kayan zaƙi kuwa sun bi hanyar ne a juye, daga Larabawa zuwa ƙasar Hausa. Guraibar da matan Makka ke toyawa don guzurin Arfa ita ce girebar da a ke jerawa cikin garar amarya a Kano da Katsina da Zariya. Alkaki daga kalmar ka'ak ya fito, alewa daga halawa, bakilawa kuma sunanta bai ko sāke ba. Fataken Gadamas da Tarabulus da suka ƙetaro Sahara suka zauna a birnin Kano, a unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki, su suka shigo da yawancin waɗannan toye-toye, matan gari suka koya a gidajensu. Ita dibyaza ba ta ƙetaro ba, domin mishmish da lauz ba sa yi a ƙasar Hausa, kuma abu mai ruwa ba ya shiga jakar alhaji. Tsarabarsa ta tsaya a dabino da bagaruwa da ruwan Zamzam.

ZUWAN CAKULAN

Abokin gasar dibyaza na zamani daga wata duniya ya fito. Koko ɗan asalin nahiyar Amurka ne, mutanen Meziko na dā suna shan sa da ɗaci da barkono, Sifaniyawa suka kai shi Turai cikin ƙarni na 16 suka ƙara masa sukari. Cikin 1828 aka ƙirƙiro injin matse man koko a Holan, cikin 1847 kamfanin Fry na Ingila ya fito da cakulan na tauna, cikin 1875 kuma aka haɗa shi da madara a Suwizalan. Da bukata ta ƙaru sai noman ya koma Afirka ta Yamma. Wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irin koko daga tsibirin Fanando Po zuwa Gana cikin 1879, yau kuwa Kwaddibuwa da Gana su ke noma fiye da rabin kokon duniya. A ƙasashen Kirista cakulan ya shiga al'adar bukukuwa. A Amurka akwai gidajen da su kan taru kafin Kirsimeti su naɗe 'ya'yan ceri, wani ɗan itace ja mai kamar girman kanya, cikin dunƙulen sukari, su tsoma a narkakken cakulan, su ajiye mako ɗaya ko biyu har sukarin ciki ya narke ya zama ruwa. Su ma, kamar matan Makka, sai sun fara aikin tun biki bai zo ba.

Cakulan bai sami shiga Makka da wuri ba, gama ɗumin jikin mutum ma ya isa ya narkar da shi, balle zafin garin da ya kai digiri 51.8 a Harami lokacin aikin Hajjin 2024. Sai da arzikin man fetur, wanda aka gano cikin 1938, ya kawo lantarki gidaje daga shekarun 1950, sa'an nan firiji da na'urar sanyaya ɗaki suka biyo, sai hanya ta buɗe. Wanda ya fara cin kasuwar Salla shi ne gwangwanin Quality Street, wanda kamfanin Mackintosh na garin Halifas a Ingila ya fara yi cikin 1936. Larabawa ba su wahalar da kansu da dogon suna ba, Makintosh kawai su ke ce masa, in alewar ta ƙare kuma gwangwanin ya koma ma'ajiyar zare da allura. Cikin 1974 aka buɗe kantin Patchi a Bairut, wanda ya mai da cakulan abin ado, a naɗe cikin takarda mai walƙiya, a jere bisa faranti na azurfa ko na tangaran. Daga baya har dabino aka riƙa cire wa ƙwallo, a cusa lauz, a lulluɓe da cakulan. A daren Salla yanzu layin da ke ƙofar kantin cakulan ya kan kai asuba, faranti ɗaya kuwa yana iya cin kuɗin tukunyar dibyaza sau da yawa.

GIDAJEN DA SUKA TASHI

Amma abin da ya fi taɓa dibyaza shi ne sākewar garin kansa. Wajen 1950 alhazan da ke zuwa daga ƙasashen waje kimanin 100,000 ne, cikin 2012 kuwa masu aikin Hajji sun haura miliyan 3. Domin a sami wurin da zai ɗauki wannan jama'a aka yi ta faɗaɗa Harami, cikin 1955, da 1988, da kuma 2011. Kowace faɗaɗawa ta ci unguwa. An rushe ganuwar Ajyad cikin 2002 aka gina dogayen benayen nan masu agogo, cikin 2008 kuma aka tashi Shamiyya, wadda sunanta ma na mutanen Sham ne, da maƙwabtanta. An biya masu gidaje diyya, suka koma sababbin unguwanni irin su Aziziyya da Awali da Shara'i, kowane ɗa da nasa sashe, wani ma ya koma Jidda ko Riyad. Matan da a da tsani kawai ke raba su, yanzu sai da mota. Da yawansu kuma malamai ne a makarantu, ko likitoci, ko ma'aikatan ofis, ba su da daren da za su ba tukunya.

Can mafarin hanya ma abin bai tsira ba. Yaƙin da ya ɓarke a Siriya cikin 2011 ya ci Guɗa, aka yi wa gabashinta ƙawanya daga 2013 zuwa 2018, mutane suka sare itatuwan mishmish don su sami makamashi, matsu da yawa suka tsaya, waɗansu masu sana'ar suka yi gudun hijira. Busasshen mishmish kuwa yanzu mafi yawansa daga Malatiya ta Turkiyya ya ke fitowa, wadda ita ma girgizar ƙasar Fabrairun 2023 ta yi wa ɓarna.

Duk da haka dibyaza ba ta bar shimfiɗar Salla ba. Ana sayar da ita a kantuna da awo, akwai kuma matan da suka mai da ita sana'a, suna dafawa a gida suna karɓar oda ta wayar hannu tun tsakiyar azumi. Hasali ma cikin 2020, da annobar korona ta sa hukuma ta hana fita dare da rana a kwanakin Ƙaramar Salla, aka rufe ziyara, kowane gida ya yi ta'atimarsa shi kaɗai, sai ga 'yan mata suna tambayar iyayensu awon ƙamaruddin da sukari ta waya. Ɗanɗanon dai ana iya sayensa. Abin da kanti ba ya sayarwa shi ne daren da surukai da facaloli ke zama wuri ɗaya, da kwanon da a ke aika wa gidan da aka yi rashi.

Mai karatu na ƙasar Hausa ba zai ji wannan labari baƙo ba. A da in an sa ranar biki, gwaggwanni da innoni ke taruwa kwana da kwanaki suna toya alkaki da dubulan da gireba, suna daka nakiya, amarya tana kallo tana koyo. Yau galibi sai a kira mai sana'a a faɗa mata bokiti nawa a ke so. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa ya ke, mutanen Makka kuwa sun daɗe suna ɗora nasu a kan kwano. A gidajen da har yanzu a ke jiƙa ƙamaruddin daren ashirin da bakwai ko kusa da haka, tsohuwa ta kan sa a tashi ƙaramar jikarta ko da ta yi barci, a ba ta cokali ta juya tukunya sau ɗaya ko sau biyu, domin baɗi in an ce a janye wuta ta san dalili.